Muhawara a Kan Tsara Madogara da Manazarta a Maƙalar da Za a Tura wa Mujalla

Malama Hauwa:
Assalamu alaikum malamaina da abokan karatu. Ina neman shawararku a kan wata maƙala da na rubuta da Ingilishi game da waƙoƙin daka da niƙa na matan karkara a ƙasar Katsina. Jiya editan mujallar da na tura wa ya dawo mini da ita tun kafin ta isa hannun masu tantancewa. Ya ce abin da ke cikinta ya gamsar da shi, amma madogara da manazarta ba su bi tsarin APA, wato ƙa'idar rubuta madogara ta Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan'adam ta Amurka, bugu na bakwai ba, kuma ba zai tura ta gaba ba sai na gyara. Ni kuwa tsarin da na bi shi ne wanda na yi amfani da shi a kundin digirina na biyu, wanda aka ce mana shi ne APA. Ya ja layi a ƙarƙashin sunayen marubuta da dama, sannan abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ya soke hirarrakin da na yi da tsofaffin mata goma sha ɗaya daga jerin manazarta, alhali kuwa daga bakinsu na samo waƙoƙin da maƙalar ta ginu a kansu. Don Allah a haska mini inda na kuskure.

Dakta Kabiru:
Wa alaikumus salam Malama. Ina kyautata zaton bugu na shida kika bi, domin shi ne sassa da yawa suka daɗe suna koyarwa, kuma har yanzu ɗalibai suna kwaikwayonsa daga kundayen da suka gabace su. Bugu na bakwai ya fito a watan Oktoba na 2019, kuma ya sauya abubuwan da edita zai gano da kallo ɗaya. An daina rubuta garin da aka buga littafi, sai sunan maɗaba'a kawai. Idan marubuta sun kai uku ko sun fi, tun daga ambaton farko a cikin rubutu za a kawo sunan na farko a biyo shi da et al., wato da sauransu, saɓanin da, lokacin da ake jera sunayen uku zuwa biyar a karon farko. A jerin manazarta kuwa yanzu ana rubuta sunayen marubuta har ashirin. Lambar DOI kuma, wato lambar da ake gano maƙala ko littafi da ita a intanet, ana rubuta ta a matsayin cikakken adireshin intanet wanda yake farawa da https://doi.org/.

Ga misali da littafin da kowa a nan ya sani. A da za ki rubuta New Haven kafin sunan maɗaba'a, yanzu kuwa ga yadda zai kasance: Newman, P. (2000). The Hausa language: An encyclopedic reference grammar. Yale University Press. Sunan littafin zai zo da rubutun tsutsa, kuma ki lura cewa babban baƙi yana zuwa ne a kalmar farko, da wadda ta biyo bayan ruwa biyu, da kuma sunan yanka irin su Hausa. Tun da maƙalarki da Ingilishi take, duk littafin da sunansa yake da Hausa za ki rubuta sunan yadda yake, sannan ki biyo shi da fassararsa a cikin baka biyu masu kusurwa.

Farfesa Lawal:
Dakta Kabiru ya faɗi ƙa'ida daidai, amma ni wannan batu na cire sunan gari bai kwanta mini ba, kuma zan ci gaba da faɗin haka a duk inda na sami dama. Waɗanda suka tsara ƙa'idar suna tunanin manyan maɗaba'u ne, waɗanda sunansu kaɗai ya isa a same su a intanet. Mu kuwa da yawa daga cikin abin da muke nazari ƙananan maɗaba'u ne suka buga shi a Kano ko Zariya ko Sakkwato, wasu sun rufe shekaru da yawa da suka wuce, wasu littattafan ma, musamman 'yan ƙananan littattafan ajami da ake sayarwa a kasuwar Kurmi, ba su ɗauke da sunan maɗaba'a ko shekara. A irin wannan hali sunan gari shi ne zaren da mai nema zai kama ya bi. Idan aka yanke shi, an bar mai karatu a tsakiyar daji.

Mu da muka taso a makarantun zaure mun san amfanin isnadi. Ana jera sunayen maruwaita ne domin wanda ya zo daga baya ya iya bin sawun magana har zuwa tushenta, ya auna ta da kansa. Aikin manazarta ke nan, kuma da wannan ma'auni nake duba kowace ƙa'ida da aka kawo mana.

Dakta Kabiru:
Ranka ya daɗe, ban musa ko ɗaya ba, kuma abin ma ya wuce APA, domin tsarin Chicago a bugunsa na goma sha takwas na 2024 shi ma ya daina wajabta sunan gari ga littattafan da aka buga daga 1900 zuwa yau. Sai dai ina magana ne a matsayin wanda yake aikin edita. Idan maƙalu goma suka taru a fitowa ɗaya, kowa da nasa tsarin, mai karatu ba zai san ko lambar da ya gani a bayan sunan mujalla kundi take nufi ko fitowa ko shafi ba. Shawarata ga Malama Hauwa ita ce ta bi ƙa'idar mujallar, sannan inda sanin garin yake da muhimmanci ta faɗe shi a cikin jimla, ta ce wani ɗan littafi da aka buga a Zariya. Babu editan da zai hana wannan.

Malama Hauwa:
Na gode ƙwarai, wannan ya fito sarai. To batun sunaye fa? Na rubuta wasu da cikakken suna yadda muke kiransu, domin na ga kamar juya sunan Bahaushe yana ɓata shi.

Farfesa Lawal:
'Yata, damuwarki tana da tushe. An gina waɗannan tsare-tsare ne a kan sunan iyali irin na Turawa, wanda ake gada daga kaka zuwa jika. Bahaushe kuwa sunansa ne da sunan mahaifinsa, wani lokaci da sunan garinsu ko laƙabi ko sarautar gidansu. Duk da haka, ga marubutan zamani al'ada ta riga ta zauna, wato a ɗauki sunan ƙarshe da marubucin ya sa a jikin aikinsa. Shi ya sa kowa yake rubuta Gusau, S. M. ga Sa'idu Muhammad Gusau, da Bunza, A. M. ga Aliyu Muhammad Bunza, ko da yake Gusau da Bunza sunayen garuruwa ne. Kada ki saɓa wa wannan, domin da wannan sunan ne za a same su a ɗakunan karatu. Alhaji da Malam da Dakta da Farfesa duk ana ajiye su, kuma wannan ba rashin ladabi ba ne.

Inda nake ganin ɓarna ita ce wajen magabata. Na sha ganin an rubuta Asma'u, N., kamar dai Nana suna ne da za a taƙaita, alhali kalmar girmamawa ce. Haka kuma Fodiyo, U. D., alhali Fodiyo laƙabin mahaifin Shehu ne, ma'anarsa malami da Fulatanci. Wannan ya nuna an bi siffar ƙa'ida ba tare da an fahimci sunan ba.

Malam Nura:
Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya. A matsayina na ma'aikacin ɗakin karatu ina so in ƙara da cewa shi kansa bugu na bakwai ya bar ƙofa a nan. Ya ce sunan da ba ya rabuwa, irin su Malcolm X, a rubuta shi cikakke ba tare da an juya shi ba. Saboda haka Malama tana da hujjar rubuta Nana Asma'u yadda yake, ta jera shi a ƙarƙashin N. Haka kuma idan marubuta biyu suka yi tarayya a sunan ƙarshe, kamar yadda muke da Muhammad da Abubakar da Kano barkatai, ƙa'ida ta ce a haɗa da baƙaƙen farko na sunayensu a cikin rubutu ko da shekarun sun bambanta. Idan kuwa mutum ɗaya ne ya fitar da ayyuka biyu a shekara guda, sai a bambanta su da a da b a jikin shekarar.

Ina kuma roƙon matasan da ke wannan zaure su tsayar da siffa ɗaya ta sunansu tun daga maƙalarsu ta farko. Muna fama da mutumin da ya buga aiki da sunansa da na mahaifinsa, bayan shekara biyu ya ƙara sunan garinsu, sai ayyukansa su rabu gida biyu kamar na mutane daban. Lambar ORCID, wato lambar shaida ta kowane mai bincike, wadda aka fara bayarwa a 2012 kuma kyauta ce, tana haɗa su wuri ɗaya.

Malam Isufu:
Gaisuwa daga Damagaram. Ina da roƙo ga 'yan'uwanmu na Nijeriya a kan wannan batu. Sunayenmu a takardu da rubutun Faransanci suke, kamar Mahamane da Issoufou da Abdoulaye. Na ga inda aka gyara su zuwa Mamman da Yusufu da Abdullahi da kyakkyawar niyya, sai ya zama duk wanda ya nemi aikin da sabon sunan ba zai same shi ba. Haka nan mu muna rubuta ƴ a inda ku kuke rubuta 'y. Idan sunan littafi ya zo da ƴ a bangonsa, a bar shi haka nan. Mai tsara manazarta kwafa yake yi, gyaran rubutu ba aikinsa ba ne a wannan wuri.

Malam Nura:
Maganar Malam Isufu ta tuna mini da baƙaƙe masu ƙugiya. Malama, ki duba irin fon ɗin da kika yi amfani da shi. Tsofaffin fon na Hausa sun ɗora ƙ da ɗ da ɓ ne a kan maɓallan wasu alamomi, shi ya sa da zarar an buɗe takardar a wata kwamfuta sai a ga }asa a maimakon ƙasa, ko ]aya a maimakon ɗaya. Idan da baƙaƙen Unicode kika rubuta, ba za su sauya ba duk inda takardar ta je. Wajen jerawa kuma, ƙamusunmu suna sa Ɗ bayan an gama D, da Ƙ bayan an gama K, amma a maƙalar Ingilishi mai karatu zai nemi Ɗangambo ne a cikin D, don haka ki haɗa su. Ki duba wannan da idonki, domin manhajoji ba su cika jera waɗannan baƙaƙe daidai ba.

Malam Bashir:
Mu a fannin tarihi tsarin Chicago mai hashiya a ƙasan shafi muka fi bi, saboda mafi yawan madogaranmu ba littattafai ba ne. Wanda ya yi aiki a gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ya san cewa lambar fayil ita ce komai, wato NAK, sannan rukuni irin su SNP ko KanProf ko SokProf, sannan lambar fayil ɗin da shekararsa. Haka abin yake ga rubuce-rubucen hannu da ke Arewa House, ko cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Dole a faɗi wurin da lambar kwafin, domin kwafi biyu na waƙa ɗaya sukan bambanta a baitoci.

Abin da ya shafi Malama Hauwa a nan shi ne shekara. Idan ta kawo tsohon aiki daga bugun zamani, to shekaru biyu ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1227 bayan Hijira, wato 1812, amma babu wanda yake karanta shi yau sai ta wani bugu ko fassara. APA ta ce a cikin rubutu a kawo shekarar asali da shekarar bugun da aka karanta, a raba su da karkataccen layi, sannan a manazarta a faɗi wanda ya fassara ko ya tace. Idan aka sa shekarar bugu kaɗai, baƙon fannin zai ɗauka marubucin mutumin ƙarni na ashirin ne.

Farfesa Lawal:
Tun da an zo nan, bari in faɗi abin da ya fi damuna fiye da waƙafi da aya. Ɗalibai da yawa suna sa ƙamusun Bargery na 1934 a manazartarsu alhali ba su taɓa buɗe shi ba, sun dai ga wani ya kawo shi ne a kundinsa sai suka kwafe har da lambar shafin. Idan na farkon ya yi kuskure, haka kuskuren zai yi ta yawo daga kundi zuwa kundi. Malaman hadisi suna kiran irin wannan tadlisi, wato mutum ya ɓoye wanda ya ji magana daga gare shi, ya nuna kamar daga tushe ya ɗauko. Ƙa'ida ta tanadi hanya mai tsabta: ka ce Bargery kamar yadda wane ya kawo, sannan wanen da ka karanta shi kaɗai zai shiga manazarta. Wanda ya fi wannan shi ne ka tashi ka nemo littafin.

Malama Hauwa:
Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe. Akwai wurare biyu da na yi hakan, kuma zan je ɗakin karatu in duba asalin. Saura batun iyayen nan mata da aka soke sunayensu.

Dakta Kabiru:
A nan ma editan ƙa'ida ya bi. A tsarin APA abin da mai karatu zai iya nemowa ne kaɗai yake shiga manazarta. Hirar da ba a ajiye ta a wani wuri ba ana ambatonta a cikin rubutu kawai, da sunan mai maganar da ranar da aka yi ta. Idan kuma mutanen su ne waɗanda aka gudanar da binciken a kansu, to ba a ma ɗaukar maganarsu a matsayin madogara, ana bayaninsu ne a sashen hanyoyin bincike, a kawo kalamansu a cikin nazari.

Farfesa Lawal:
A nan ne ni da Dakta za mu rabu. Waɗannan mata su ne mawaƙan. Su suka ƙirƙiri baitocin ko suka gada daga iyayensu suka adana su a ka. Yaya za a ce wanda ya rubuta shafi biyar a kan waƙar ya sami layinsa a manazarta, ita kuwa mai waƙar a kira ta da lamba? Mujallunmu na Hausa sun daɗe suna ware wuri a ƙarshen maƙala don waɗanda aka yi hira da su, da suna da shekaru da gari da rana, kuma ina ganin wannan al'ada ta fi dacewa da adabin da tushensa baki ne. Bai kamata mu yar da ita don wani littafin ƙa'ida da aka rubuta a Amurka bai san da ita ba.

Dakta Kabiru:
Ranka ya daɗe, bugu na bakwai ya ɗan matso kusa da ra'ayinka, domin ya yi tanadi ga ilimin gargajiya da ake karɓa ta baki, inda ya ce a faɗi cikakken sunan mutum da al'ummarsa da wurin da yake da ranar da aka zanta da shi, amma a cikin rubutu. Akwai kuma hanyar da za ta biya buƙatar kowa. Idan Malama ta ajiye sautin da ta naɗa a ɗakin karatu na jami'arsu ko wata ma'ajiya, aka ba shi lamba, to ya zama abin da za a iya nemowa, kuma daga nan kowace waƙa tana iya shiga manazarta da sunan wadda ta rera ta a gurbin marubuci.

Dakta Zainab:
Ni daga fannin lafiya nake, inda muke bin tsarin Vancouver, wanda ya samo asali daga taron editocin mujallun likitanci a birnin Vancouver na Kanada a 1978. Mu lambobi muke sawa bisa jerin yadda madogarai suka fara bayyana, don haka matsalar jera sunaye ba ta dame mu ba. Abin da ya sa na sa baki shi ne batun izini. Malama Hauwa, kin fi ni sanin cewa waƙar daka cike take da habaici ga kishiya da uwar miji, wani lokaci har da mijin kansa. Mace takan rera abin da ba za ta faɗa da fatar baki ba, saboda ta san a tsakar gida maganar za ta tsaya. Idan sunanta da ƙauyensu suka fito a mujallar da ke intanet, jikanta ko ɗan kishiyarta zai iya gani a wayarsa. Ina goyon bayan Farfesa cewa a ba su haƙƙinsu, amma ita mai waƙar ce za ta zaɓa, bayan an yi mata bayanin inda sunan zai kai. Shin kin tambaye su wannan a lokacin hirar?

Malama Hauwa:
Gaskiya Dakta, izinin naɗar murya na nema, kuma duk sun ba ni, amma ban yi musu bayanin cewa sunayensu za su fito a bugu ba. Biyu daga cikin waƙoƙin kuwa sun ambaci kishiya da laƙabin da duk ƙauyen suka san ta da shi.

Farfesa Lawal:
To Dakta Zainab ta ga abin da ban gani ba, kuma na karɓa. Ki koma wurinsu 'yata, ki tafi da wata dattijuwa da suka amince da ita. Wadda ta yarda a sa sunanta a sa shi cikakke, wadda ba ta yarda ba a sakaya. Ina dai nan a kan bakana cewa waɗanda suka yarda su fito a rataye da sunansu da shekarunsu da garinsu, ko da ajiyar sautin ba ta kammala ba.

Malam Nura:
Idan kin zo ajiye sautin, ana iya rubuta sharaɗi cewa waɗancan waƙoƙi biyu ba za a saurare su ba sai da izini, kuma wannan ba zai hana a ba su lamba ba. Don sauran gyaran kuma ina ba ki shawarar manhajar Zotero, wadda kyauta ce, kuma tana juya manazarta daga wannan tsari zuwa wancan idan wata mujallar ta nemi wani daban. A wurin rubuta sunan marubuci akwai zaɓin mayar da gurbi biyu zuwa ɗaya, da shi za ki shigar da Nana Asma'u don kada manhajar ta juya sunan. Sai dai abin da kika ba ta shi za ta fitar, saboda haka ki gwada kowane bayani da bangon littafin ko shafin farko na maƙalar, ki kuma danna kowace DOI ki tabbatar ta kai ki inda ya kamata. Kafin ki tura, ki bi maƙalar daga farko ki tabbatar duk sunan da ke cikin rubutu yana manazarta da shekara iri ɗaya, sannan ki bi manazarta ki cire duk wanda ba ki ambata a ciki ba.

Malama Hauwa:
Na gode wa kowa, Allah ya ƙara ilimi mai amfani. Ranar Asabar in sha Allahu zan koma ƙauyen tare da gwaggona, domin ita ta fara kai ni wurinsu. Dakta Kabiru, shin in jira sai na gama komai kafin in tuntuɓi editan, ko in rubuta masa tun yanzu?

Dakta Kabiru:
Ki rubuta masa yau. Ki gaya masa kin karɓi gyaran, kina buƙatar mako uku don neman izinin mawaƙan, sannan ki tambaye shi ko mujallar tana karɓar rataye mai ɗauke da sunayensu, da kuma ko ratayen yana cikin adadin kalmomin da suka ƙayyade. Ki kuma ambata masa sunayen da kika bari ba a juya ba tare da dalilinki, don kada mai gyaran rubutu ya juya su. Idan kin gama, ki turo mini shafin manazartar in duba miki kafin ki mayar masa.